Zanen Fenti a Kwamfutar Brodie

Da hantsin Litinin, rana ta riga ta fara narka kwaltar garin Mount Isa, Shirley Dorrigo ta turo ƙofar ofishin 'yan sanda da kafaɗa. Tana janye da Trevor Haskett a bayanta kamar yaron da za a kai allura.

Babu wanda bai san Shirl ba a garin nan namu. Ita ce shugabar kulob ɗin zari-ruga, kuma tun ranar da aka zaɓe ta ba a ƙara jin ƙarshen maganar wani a wurin taro ba. Trev kuwa bakanike ne a ramin haƙar jan ƙarfe. Za ka wuni da shi a kwale-kwale bai ce maka komai ba sai "miƙo ƙugiya."

"Garth!" in ji Shirl tun daga kanta. "Fito, sata aka yi mana, ɓarawon ma mun san shi. Kai dai ɗauko hularka."

Sufeto Garth Mullane ya ajiye kofin shayinsa ya leƙo.

"Me aka sace?"

"Kwamfutar Brodie aka yashe wa ciki."

A ƙa'ida irin wannan ƙara ba ta isa teburin sufeto, kofur ke ji da ita. Amma Trev abokin kamun kifin Garth ne, kuma an ambaci Brodie.

Brodie shi ne ɗan Trev tilo, saurayin da babu mai kamo shi a filin zari-ruga. Bara suna dawowa daga tafki, Trev ya tashi daga aiki bai runtsa ba, amma ya dage shi zai tuƙa. Barci ya sace shi, mota ta bar titi. Uban ya fito da ƙujewa a gwiwar hannu, ɗan ya fito da ciwon laka. Tun daga nan sai keken guragu. Uwar yaron ta daɗe da rasuwa, don haka Trev ne ke ɗaga shi daga gado da safe, shi ke mayar da shi da yamma. Ba a maganar haɗarin nan a gabansa, ko a mashaya.

Da 'yan kulob suka ga Brodie ya daina fitowa, sai suka ce a haɗa masa kwamfutar wasa ta gani ta faɗa. Aka yi ta gasa naman sosej ana sayarwa a ƙofar kanti, ana tambolar tiren nama duk Juma'a, har kaya suka cika. Wanda ya haɗa ta kyauta shi ne Lopeti Moala, ɗan tsibirin Tonga mai gyaran waya da kwamfuta a babban titi.

"To ga ta an kai wa yaro," Shirl ta ci gaba, "wasa yana tafiya kamar tsohuwa da sanda. Ya bincika, ashe katin da ke sarrafa hoton wasa da muka saya, wanda ya fi komai tsada a akwatin, babu shi. An zare, an cusa wani ruɓaɓɓe. Wa ya iya buɗe cikin kwamfuta a kulob ɗinmu? Ni? Ko Trev da ko saƙon waya sai an taya shi?"

Garth ya dubi abokinsa. Trev yana ta juya hularsa a hannu.

"Trev, bayan an haɗa ta, ina ta kwana?"

"A rumfar aikina. Mun ɓoye ta sai ranar haihuwarsa."

"Lopeti ya ƙara taɓa ta a can?"

Trev ya dubi hularsa. Shirl ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Ya zo," in ji shi a hankali. "Ya ce akwai abin da zai ƙarasa. Na bar shi ciki shi kaɗai."

"Za ka sa hannu a kan haka?"

"Zan sa."

Ya sa hannu, alƙalamin yana rawa. Garth ya ga rawar, ya ce a ransa ɓacin rai ne.

Abin da Garth ya yi bayan haka bai kyautu ba, kuma shi ma ya sani. Waya ɗaya ta isa Lopeti ya zo da ƙafarsa. Amma ya tuna Brodie a keke, ransa ya ɓaci, ya ɗauki motar ofis ya je ya ɗauko shi daga shagon da yake aiki da tsakar rana, shago cike da mutane. Mai shagon ya rako su har bakin titi, ya ce wa Lopeti kada ya dawo sai an wanke shi.

A ɗakin bincike Lopeti ya cika kujera ya yi saura. Ƙato ne, amma muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Yallaɓai, takardar zamana ta dindindin tana hannun hukuma, ana dubawa. Matata Luseane tana da tsohon ciki. In aka rubuta sata a gaban sunana, ko ba a ɗaure ni ba, jirgi za a sa mu."

"In ba ka yi ba, babu abin tsoro."

"Haka kuke cewa kullum."

Garth ya bar wannan ta wuce.

"Kai ka haɗa ta?"

"Ni ne. A zauren kulob, gaban kowa. Shirl ma tana tsaye a kaina tana koya mini aikina."

Ya fito da wayarsa ya nuna bidiyon ranar. Ga kwamfutar a kan teburin wasan biliya, ga wasan tsere a allo yana zuba sumul kamar ruwan famfo, 'yan kulob suna ihu. A gefe ga Trev yana tsaye, shi kaɗai ne ba ya tafi.

"To ranar lafiyarta ƙalau," in ji Garth. "Bayan nan ka je gidan Haskett?"

"Ban je ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ya faɗe ta da sauri fiye da kima. Garth ya daɗe a aikin nan, ya san ƙarya in ta wuce ta gabansa. Ya ce masa ya tafi gida, kada ya bar gari.

Gidan Haskett yana can gefen gari inda ake hango bututun hayaƙin kamfanin ma'adinai. Daga ƙofar shinge zuwa baranda akwai gangaren ƙarfe da Trev ya ƙera da hannunsa saboda keken. Trev yana wurin aiki. Garth ya tarar da Brodie a ɗaki, labule a sake, allo yana haska masa fuska.

"Kawu Garth. Ka zo kallon gawa?"

"Nuna min ciwonta tukuna."

Brodie ya kunna wasa. Wani soja ya fito a allo ya fara gudu, ya daskare ƙafa ɗaya a sama, ya yi tsalle ya bayyana a gaba, ya sake daskarewa. Kafin ya ɗaga bindiga an harbe shi.

"Ka gani? Ko a nan ma gurgu ne ni."

Garth ya ja kujera ya zauna.

"Me ka gwada?"

"Me ban gwada ba? Da farko na ɗora wa intanet laifi, ka san namu na Isa. Na rage kyan hoto har mutane suka koma kamar buhunan siminti, bai sauya ba. Na sabunta manhaja. Abokan wasana suka ce in duba wayar allo, wai sababbin shiga sukan soka ta a ramin sama maimakon na kati. Daidai take. Suka ce in duba zafi, ko an manta leda a ƙarƙashin fanka. Sanyi ƙalau. Daga ƙarshe wani ɗan birnin Perth ya ce in buɗe inda kwamfuta ke faɗin sunayen kayan cikinta."

"Sai me?"

"Sai ga sunan wani kati da ya girmi wayar Shirl. Kuskurena da na faɗa mata ranar da ta kawo abinci."

"Kuskure?"

Brodie ya ɗaga kafaɗa.

"Ka buɗe cikinta ka gani da idonka?"

"A'a. Tana ƙarƙashin tebur, ba na kaiwa."

Garth ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Yana taɓa murfin gefe sai ya faɗo masa a hannu. A jingine kawai yake, an kwance shi.

"Wa ya kwance wannan?"

"Haka na gan shi," in ji Brodie, idonsa a kan labule.

Garth ya haska tocilan. Komai a ciki sabo ne fil, wayoyi a ɗaure tsaf, sai abu guda: wani ɗan kati mai fanka ɗaya, ƙura ta toshe shi. A gefensa an manna koriyar takarda zagayayya, irin wadda shagon bola ke manna wa kayansa. Sukuru biyu ne ke riƙe da katin, kowanne da ɗan siririn zanen fenti ruwan ɗorawa, daga kansa zuwa jikin ƙarfe. Garth ya ɗauka aikin masana'anta ne. Ya ɗauki hoto ya miƙe.

Yana bakin ƙofa Brodie ya kira shi.

"Kawu Garth, Lopeti fa? Me za a yi masa?"

"In shi ne, kotu. Bayan kotu kuma Tonga."

Brodie ya juya kekensa ya fuskanci allo.

Shagon bola yana bakin juji, inda duk abin da garin nan ya yar yake samun mai so. Nev Tranter ke tsaronsa, tsoho ne mai kare uku da haƙori kusan haka. Ya kalli hoton a wayar Garth ya gyaɗa kai.

"Nawa ne. Koriyar takardata ce."

"Wa ya saya?"

"Wani mai rigar aiki ruwan lemo, da takalmin ƙarfe."

"Nev, ka kwatanta rabin garin nan ke nan, har da matata."

"To me kake so? Ni fuskar mutum ba ta zama mini. Da da kare ya zo da na gaya maka har sunan uwarsa."

"Ƙato ne? Ɗan tsibiri?"

Nev ya yi dariya har ya sarƙe.

"Lopeti kake nufi? Haba Sufeto. Lopeti in ya tsaya a ƙofar nan sai na kunna fitila. Kuma shi da sunan abu yake zuwa, har da lambarsa. Wannan ko sunan bai sani ba. 'Abin nan mai fanka da ke cikin kwamfuta,' haka ya ce. Na zubo masa kwali guda, sai ya ce in zaɓa masa wanda ya fi kowanne lalaci, amma kada ya zama matacce."

"Maimaita min."

"Wanda ya fi lalaci, amma mai rai. Na ce ɗan'uwa, tun da nake a jujin nan ba a taɓa roƙona mafi muni ba sai yau."

Garth ya koma mota ya zauna bai tayar ba. Ɓarawo zai nemi wanda ya yi kama da sabon don kada a gane da wuri. Wannan kuwa so yake wasa ya yi, amma ya yi da azaba. Wani zargi ya fara zo masa a rai, ya ƙi ya kalle shi tukuna.

Wannan karon da motarsa ta gida ya je wurin Lopeti, ya kuma ƙwanƙwasa ƙofa kamar baƙo. Luseane ta buɗe, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta koma ciki ba ta ce ya zauna ba. Akwai akwatuna biyu a buɗe a tsakar ɗaki.

"Ta fara haɗa kaya," in ji Lopeti. "Na ce ta bari, ta ƙi."

"Ka yi min ƙarya ɗazu. Ka je gidan."

Lopeti ya sunkuyar da kai.

"Na je. Amma bayan an ba shi ita, ba kafin ba. Brodie ya turo min saƙo cewa wasa yana sarƙewa, na ɗauki jakar aikina na tafi. Trev ya tare ni a shinge, ya ce yaro yana barci. Ina jin ƙarar harbin wasa daga taga, Yallaɓai. Ya ce ba a bukata, in tafi."

"Me ya sa ka ɓoye min?"

"Ka zo da motar hukuma ka ɗauke ni a gaban masu sayayya. Sannan in ce maka na je gidan?"

Maganar ta shigi Garth, don gaskiya ce. Ya miƙa masa wayar.

"Dubi sukurun nan. Zanen fentin na masana'anta ne?"

Lopeti ya faɗaɗa hoton da yatsu.

"A'a. Babu masana'antar da ke haka, ni ma ba na yi. Kuma dubi yadda ƙarfen ya lanƙwashe. Mu da yatsu biyu muke ɗaure sukurun kwamfuta. Wannan ya ɗaure shi kamar mai tsoron dutse ya faɗo masa a ka."

Garth ya rufe ido.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san dokar masu aikin ramin ma'adinai. Bakanike in ya ɗaure noti, sai ya zaro alƙalamin fenti daga aljihu ya ja masa layi, don wanda ya karɓe shi aiki ya san an ɗaure, in kuma ya kwance a ga layin ya goce. Rai ke rataye a kan zanen nan, shi ya sa hannu yake yin sa ko mai hannun bai sani ba. Garth yana da irinsa a gida. Kowane noti na tirelar kwale-kwalensa yana da layi ruwan ɗorawa, kuma ya san wanda ya gyara masa tirelar.

Bakanikai sun yi yawa a Isa, amma guda ɗaya ne kwamfutar ta kwana a rumfarsa.

"Sa takalminka," in ji shi. "Ina so ka shaida min wani kati."

Da la'asar suka isa. Shirl tana baranda da kwanon abinci, Brodie yana gefenta a keke. Tana hango Lopeti ta miƙe.

"Kai Garth, ɓarawon ka kawo mana har gida? Ko ya zo ɗaukar allon ne?"

"Zauna, Shirl."

Yadda ya faɗa ya sa ta zauna. Lopeti ya tsaya a shinge. Garth ya hau gangaren ƙarfen a hankali, yana kallon ƙasa. Kowane noti da layinsa. Ya dubi ƙafafun keken Brodie, su ma haka. Brodie ya ga inda yake kallo, ya kau da kai.

Trev yana rumfa, bai ko cire rigar aiki ba. Yana goge sifana da ba ta da datti. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, yana ganin Garth sifanar ta faɗi.

"Ba ni alƙalamin da ke aljihunka, Trev."

Trev ya taɓa aljihun ƙirjinsa. Ya zaro alƙalamin fentin ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Garth ya nuna masa hoton.

"Na ja musu layi?" in ji Trev da wata irin murya. "Wallahi ban san na ja ba."

"Ina katin?"

Trev ya jawo kular ƙanƙararsu ta kamun kifi daga ƙarƙashin benci. Rabon da a buɗe ta tun ranar haɗarin. A ciki ga sabon katin, an naɗe shi da rigar wasan Brodie.

"Ba sayarwa zan yi ba, Garth."

"Na sani. Faɗa min dalili."

Trev ya zauna a kan kular.

"Asibitin laka na birnin Brisbane sun ba shi gado. Likita ta ce in ya zo yanzu ya sha wuya, wataƙila ya tsaya da sanduna. In aka bari, jiki zai saba da kujera, shi ke nan. Ya yarda zai je. Sai ga maganar kwamfutar nan. Ya ce ya fasa. Ya ce, 'Baba, a cikin wasa ina da ƙafafu, me zan je nema?'"

Ya goge fuska da bayan hannu.

"Ni na karya shi. Ni na yi barci. Kullum in na ɗaga shi sai na ji ƙafafun nan suna lilo a hannuna. Na ce in wasan ya ƙi daɗi zai gaji, ya tafi Brisbane. In ya dawo a tsaye in mayar masa da abinsa. Ban san kwamfuta tana faɗin sunan kayan cikinta ba."

"Lopeti fa?"

"Shirl ta ce wa ya iya buɗewa in ba shi ba, sai na yi shiru. Daga shiru ta kawo ni wurinka. Kai kuma ka tambaye ni a gabanta."

"Ka sa hannu, Trev. Matarsa tana haɗa akwati."

Trev ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Garth ya ji haushinsa, ya ji tausayinsa, ya kuma ji kunyar kansa, don ya ga alƙalami yana rawa da safe bai tambaya ba.

Ƙarar ƙafafun keke ta sa suka waiwaya. Brodie yana ƙofar rumfa, Shirl a bayansa, Lopeti can nesa kaɗan.

"Tun washegarin da aka ba ni ita na sani, Baba."

Trev ya ɗago.

"Bayan ka kori Lopeti na jawo ta da sandar ɗauko kaya, na kwance murfin. Na ga layinka. Irin wanda ke kekena, irin wanda ke gadona. Na yi ta jira ka faɗa da bakinka."

"Brodie..."

"Da Shirl ta matsa min da tambaya, na faɗa mata sunan katin don ka ji tsoro ka mayar. Sai abu ya koma kan Lopeti." Ya juya keken wajen Lopeti. "Ɗan'uwa, ɗazu Kawu Garth ya ce min Tonga za a mayar da kai, na yi shiru. Na auna ku biyu, na zaɓi babana. Ba ni da abin cewa."

Lopeti ya matso cikin rumfar. Ya dubi katin, ya ce wa Garth, "Shi ne. Ga inda na ɓare ledarsa."

Shirl tana riƙe da kwanon abincinta har yanzu. Ta buɗe baki ta rufe. A iya sanin garin nan, ranar ce ta farko da aka ga haka.

Garth ya gyara tsayuwa, ya koma sufeto.

"Trevor Haskett, na kama ka da laifin ba hukuma bayanin ƙarya a kan mutumin da bai ji ba bai gani ba, da ɗauke kayan da ba naka ba. Za ka kwana a wurinmu, gobe alƙali ya duba beli." Ya juya. "Lopeti, yau zan goge sunanka. Gobe kuma zan je shagonku da kaina, a lokacin da ya fi cika, in faɗi abin da ya kamata."

Bai sa masa ankwa ba. Suka sauka gangaren tare, Trev yana taka layukansa ɗaya bayan ɗaya. Garth ya buɗe masa ƙofar baya ya shiga.

Sai muryar Brodie ta fito daga baranda, ƙarama kamar ta yaro.

"Kawu Garth, to wa zai kwantar da ni yau?"

Babu wanda ya yi tunanin wannan. Shirl ta dubi hannuwanta. Trev ya kama murfin mota zai fito, Garth ya dafa shi.

Lopeti ya daɗe a tsaye a bakin shinge. Yana da hanyar gida a gabansa, kuma babu mai ganin laifinsa in ya bi ta. Ya ajiye jakar aikinsa a ƙasa.

"Ni," in ji shi. "Amma ban iya ba."

Ya tako har gefen motar ya sunkuya a taga, fuskarsa babu fara'a.

"Yaya kake yi?"

Trev ya kasa kallonsa.

"Ka taka birkin keken tukuna. Hannun hagu a ƙarƙashin gwiwoyinsa, na dama a bayansa. Kada ka ja kafaɗar dama, tana masa ciwo. In ka kwantar da shi, ka sa matashi tsakanin ƙafafun."

"Sai me?"

"Ka duba diddigensa. Ba ya ji in sun goge."

Lopeti ya gyaɗa kai, ya juya ya hau gangaren. Garth ya tayar da mota. Har suka sha kwana Trev yana waige, yana motsa leɓe, yana maimaita abin da ya manta bai faɗa ba.